Me ya sa Slade za su sayi shafin jarida guda cur don kawai su ce "mun gode"?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce ya ci karo da hoton shafin wata tsohuwar jaridar waƙa ta Ingila ta wajajen 1973, shafi guda babu labari babu sharhi, sai hoton wasu gayu huɗu masu dogon gashi da takalma masu tudu da kaya sai ƙyalli suke, sunansu Slade, sai 'yan kalmomi a ƙasa suna yi wa masoyansu godiya. Shine yake tambaya wai wa ya biya kuɗin wannan shafi, kuma me zai sa mutum ya kashe kuɗi don kawai ya ce ya gode, shin godiyar ta gaske ce ko dai talla ce aka lulluɓe.

To ɗan'uwa, na daɗe ina bibiyar tarihin kasuwar faifai ta Birtaniya ta wancan zamanin, kuma na ɗan taɓa aiki a ɓangaren talla na jarida, don haka bari in ba ka yadda abin yake. Talla ce, wannan babu ja, kuɗi aka biya kamar yadda mai sabulu yake biya. Amma idan ka tsaya a nan ka ce ai yaudara ce kawai to ka yi wa Slade rashin adalci, don a duk mawaƙan wancan lokacin da wuya ka samu waɗanda masoya suka yi wa aiki da hannunsu da aljihunsu kamar su, kuma su kansu sun san da haka.

Sai ka fara sanin wace irin jarida ce kake kallo. A farkon shekarun 1970 Ingila tana da jaridun waƙa na mako-mako har guda biyar masu ƙarfi. Akwai Melody Maker wadda ita ce babbar yaya tun 1926 take fitowa, akwai New Musical Express da kowa ke kira NME da ta fara a 1952, kuma ita ce ta fara buga jadawalin faifan da suka fi kasuwa a ƙasar a watan Nuwamba na shekarar, akwai Record Mirror, akwai Disc, sai Sounds da ta zo a 1970. Ba mujalla ba ce mai sheƙi, takardar jarida ce ta gama-gari mai arha, tawadarta ma tana ɓata hannu idan ka gama karantawa, amma manyan cikinsu kowane mako suna sayar da kwafi dubu ɗaruruwa, kuma kwafi ɗaya sai ya zaga hannun yara biyar shida a aji ko a masana'anta. Babu intanet, babu waya a aljihu, tashar BBC ta matasa wato Radio 1 sai a 1967 aka buɗe ta, a talabijin kuwa abin da kowa ke jira shine shirin waƙa na Top of the Pops daren Alhamis. In kana son sanin ranar da mawaƙinka zai zo garinku, ko yaushe sabon faifai zai fito, ko wa ya bar wace ƙungiya, jaridar nan ce kawai. Hatta mawaƙan da kansu ta nan suke samun juna, Elton John tallar neman mawaƙa ya gani a NME a 1967 ya amsa, ta nan aka haɗa shi da mai rubuta masa baitoci Bernie Taupin, Steve Hackett kuma ta ƙananan tallace-tallacen bayan Melody Maker ya shiga ƙungiyar Genesis. Kaga ke nan shafin talla a wannan jarida ba abin da ake tsallakewa ba ne, ana karanta shi kamar yadda ake karanta labari.

Su kuma Slade ɗin, yaran talakawa ne daga yankin Wolverhampton da Walsall, tsakiyar Ingila inda masana'antun ƙarfe da hayaƙi suke, ba 'yan Landan ba ne kuma ba 'yan jami'a ba. Noddy Holder shine mai waƙa, mai wata irin murya kamar zai tsaga lasifika, Dave Hill mai jita kuma shine sarkin shigar ban mamaki, Jim Lea mai bes da goge irin na Turawa wanda tare da Noddy suke rubuta waƙoƙin, sai Don Powell mai ganga. Tun 1966 suke tare suna bin ƙananan kulob da mashaya suna wasa, shekara uku babu wani abin kirki, har sai da Chas Chandler ya ɗauke su ya zama manajansu a 1969. Shi Chandler ba ƙaramin mutum ba ne, tsohon mai bes ɗin The Animals ne kuma shine ya ɗauko Jimi Hendrix daga Amurka ya kawo shi Ingila. Har aski ya sa suka yi ƙwal a 1969 don su ja hankalin 'yan daba masu aske kai na lokacin, abin bai yi ba, aka bar gashi ya dawo. Sai a 1971 suka fara shiga jadawali, ƙarshen shekarar kuma suka hau lamba ɗaya karon farko.

Wannan salo na waƙa da shigar ƙyalƙyali da ake kira glam rock a shekarar ya kankama, Marc Bolan na T. Rex ya fito a Top of the Pops a watan Maris 1971 da ƙyalƙyali a ƙarƙashin ido, daga nan kowa ya ɗauka, David Bowie, Sweet, Roxy Music, Wizzard, Mud, Suzi Quatro. Amma ba duka suke ɗaya ba fa. Bowie da Roxy Music na masu son a ce suna da zurfin tunani ne, Bolan 'yan mata ne suka fi haukacewa a kansa, Slade kuwa nasu na 'yan kallon ƙwallo ne, waƙar da za ka buga ƙafa a ƙasa ka tafa hannu ka yi ihu tare da mutum dubu. Noddy yana da wata doguwar hula da ya manna wa ƙananan madubai zagaye, idan fitila ta haska shi sai hasken ya watsu kan jama'a, dabarar ke nan, ana kallonsa shi kuma yana mayar da hasken kan 'yan kallo. Sunayen waƙoƙinsu ma da gangan suke rubuta su da kuskure yadda yaran unguwarsu ke rubutu a bango, malaman makaranta suka yi ta ƙorafi wai suna lalata wa yara rubutu, wanda hakan ma ƙara musu farin jini ya yi.

Yanzu ga inda maganar take. A wancan lokacin faifai baya faɗowa lamba ɗaya haka kawai, hawa yake yi a hankali, wannan makon yana na talatin, mako mai zuwa na goma sha biyar, a haka har ya kai ko ya gaji a hanya. Yadda ake haɗa jadawalin shine, tun 1969 wani kamfanin bincike mai suna British Market Research Bureau yake karɓar lissafin ciniki daga wasu 'yan ɗaruruwan kantunan faifai, mai kanti yana rubuta abin da ya sayar a littafi, a tura, a tattara, ranar Talata da rana a sanar a Radio 1, yara har ɓoye ƙaramar rediyo suke a makaranta don su ji. To sai Chandler da kamfanin faifansu Polydor suka yi wani lissafi, suka ce me zai hana a ba rediyo waƙar tun kafin ta shiga kanti, a yi ta saka ta, a sanar da ranar fitowa a jaridu, yara su je su ba mai kanti oda tun da wuri, ta yadda ranar da faifan ya sauka kowa zai saya lokaci guda. Haka aka yi da waƙarsu Cum On Feel the Noize a ƙarshen Fabrairu 1973, kai tsaye ta faɗa lamba ɗaya, abin da ba a gani ba tun Beatles a 1969. Suka sake yi a tsakiyar shekarar, suka sake yi a Disamba da waƙarsu ta Kirsimeti. Sau uku a shekara ɗaya, kuma su ne na farko da suka taɓa yin haka.

Ka duba wannan tsarin da kyau. Kamfani zai iya buga faifai, zai iya biyan talla, zai iya lallaɓar masu saka waƙa a rediyo, amma ba zai iya tashin yaro ɗan shekara goma sha huɗu ranar Asabar da safe ya sa shi ya ɗauki 'yan kuɗin da ya tara na rabon jarida ko na abincin makaranta ya tafi kanti a wannan makon takamaimai ba. Idan yaran suka yi jinkirin sati biyu, cinikin zai iya zama iri ɗaya a ƙarshe amma tarihin ba zai kafu ba. Don haka idan Slade suka ce wa masoya ku kuka kai mu lamba ɗaya, magana ce ta lissafi tsantsa, haka abin ya faru. Shi ya sa ni nake bambanta godiyarsu da ta irin su Led Zeppelin a misali, waɗanda a lokacin ko ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya ko biyu ba sa fitarwa a Ingila, babban faifai mai waƙoƙi da yawa kawai, nasu cinikin a hankali yake tafiya wata da watanni kuma ba sa buƙatar kowa ya ruga kanti ranar Asabar.

Wa ya biya? Galibi kamfanin faifai ne ko ofishin manaja, wani lokacin su haɗa. Duba ƙasan shafin da ka gani, kusan tabbas za ka ga tambarin kamfani a kusurwa, wani sa'in da sunan sabon faifai da lambarsa da ƙananan haruffa, ko jerin garuruwan da za su je wasa. Wannan shine sa hannun wanda ya biya. Su mawaƙan ba su ne suke zama su tsara shafin ba, suna can kan hanya a mota ko jirgi, wani ne a ofis zai zaɓi hoto, ya rubuta kalmomin da salon bakinsu, a kai wa manaja ya duba, a tura wa jarida kafin ranar rufe karɓar talla. Kuma duk wanda ya yi aikin talla ya san shafi guda cur a wuri mai kyau, musamman na hannun dama ko bangon baya, ba ranar ake samunsa ba, kama shi ake yi tun da wuri. Ma'ana sau da yawa an riga an kama gurbin tun kafin a san sakamakon, idan faifai ya hau lamba ɗaya a zuba godiya, idan ya tsaya a na uku a zuba tallar faifan kawai a yi shiru. Wannan ba munafunci ba ne a wurina, tsarin aiki ne.

Sannan akwai waɗanda ake so su karanta shafin ta bayan kafaɗar yaron. Mai kantin faifai yana karantawa, idan ya ga an ce mun gode da kuka kai mu lamba ɗaya to ya san faifai na gaba ya ninka oda kada yara su zo ya ce babu. Mai shirya wasa a Glasgow ko Newcastle yana karantawa, ya san kuɗin da za a nema a wurinsa ya tashi. Masu zaɓen waƙa a BBC suna karantawa. Kamfanonin hamayya suna karantawa, su Sweet da Wizzard da manajojinsu suna gani. Ka san yadda jaridunmu na Najeriya suke cika da shafukan taya murna idan an naɗa wani muƙami ko sarauta, ɗan kwangila ya sayi shafi guda ya sa hoton mai girma babba ya sa nasa sunan a ƙasa, murnar tana iya zama ta gaske amma kowa ya san ba mai girma kaɗai ake so ya gani ba. To kusan haka ne, sai dai a nan wanda ake karramawa yaro ne mai kwabbai a aljihu. A jaridun 'yan kasuwar waƙa zalla irin su Music Week a Ingila ko Billboard da Cash Box a Amurka ma abin ya fi fitowa fili, can godiyar kai tsaye ga masu saka faifai a rediyo da dillalai ake yinta, don masoya ba sa ma karanta waɗannan.

Akwai kuma wani dalili da mutane ba su cika lura da shi ba, wato alaƙar mawaƙan ƙyalƙyali da marubutan jaridun. A daidai wannan lokacin NME ta ɗauko matasan marubuta masu kaifin alƙalami irin su Nick Kent da Charles Shaar Murray, Melody Maker kuma hankalinta ya fi karkata ga masu dogayen waƙoƙi na minti ashirin irin su Yes da Genesis da Emerson, Lake and Palmer. A idon da yawa daga cikin masu sharhi, ƙaramin faifai na minti uku kayan yara ne, babban faifai shine na masu hankali. Slade sun ɗan tsira saboda kowa ya yarda a kan dandamali babu wasa, kuma su suke rubuta abinsu, amma irin su Sweet sun sha raini sosai saboda Nicky Chinn da Mike Chapman ne suke rubuta musu waƙoƙin da suka yi fice, alhali idan ka juya bayan faifan za ka ji nasu na kansu mai nauyi ne sosai. To shafin talla shine wuri ɗaya tak a cikin jaridar da edita ba shi da ta cewa. A shafi na goma wani ya yi maka ba'a, a shafi na goma sha ɗaya kai kuma ka saya ka yi magana da mutanenka kai tsaye babu mai fassara ka. Jaridar kuma ba za ta ƙi ba don da kuɗin tallar kamfanonin faifai take rayuwa, kuɗin da yara ke saya da shi ba zai riƙe ta ba. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni wallahi, marubuci yana zaginka da albashin da tallarka ta biya.

Lokutan da aka fi yin irin wannan godiya sanannu ne. Bayan faifai ya hau lamba ɗaya, bayan an gama zagayen wasa tikiti ya ƙare ko'ina, ƙarshen shekara a bugun Kirsimeti inda shafuka ke cika da gaisuwa da godiya, sai kuma bayan zaɓen masu karatu. Shi wannan zaɓen kowace jarida tana yin nata duk shekara, ana buga ɗan fom a ciki, ka yanke da almakashi, ka cike gwanin mawaƙi, gwanar ƙungiya, gwanin mai ganga, ka sa a ambulan ka manna kan sarki ka kai gidan waya. Ka ga wanda ya yi wannan wahalar ai ya cancanci a ce masa an gode, ba danna waya ba ne da babban yatsa kana kwance. Kulob ɗin masoya kuma su ne sojojin wannan aiki, ana tura musu takardar labarai ta gidan waya ana tuna musu ranar fitowar faifai da lokacin zaɓe.

Idan shafin naka na rabin ƙarshen 1973 ne to akwai wani nauyi a bayansa da ya wuce ciniki. Ranar 1 ga Yuli suka cika Earls Court a Landan, wajen mutum dubu goma sha takwas, wannan shine ƙololuwarsu. Kwana uku bayan nan Don Powell ya yi mummunan haɗarin mota a Wolverhampton, budurwarsa ta rasu a haɗarin, shi kuma ya yi kwanaki a doguwar suma, da ya farfaɗo ƙwaƙwalwarsa ta daina riƙe sabon abu, sai a gaya masa magana yanzu anjima ta gudu, har ta kai ya koma rubuta komai na rayuwarsa a littafi kullum don ya san me ya yi jiya. Ƙanin Jim Lea ne ya riƙe ganga a wasan da suka riga suka yi alkawari a tsibirin Isle of Man. Sauran ukun ba su nemi wani ya maye gurbinsa ba, suka jira shi, cikin 'yan makonni ya dawo, aka tafi New York aka ɗauki waƙar Kirsimetin a tsakiyar zafi, ana tuna masa yadda kiɗan yake gaɓa-gaɓa. Mutanen da suka wuce ta wannan a cikin wata shida, idan suka ce wa jama'ar da suka tsaya musu mun gode, ni dai ba zan zauna ina lissafa kuɗin shafi ba.

Ga kuma halin da ƙasar take ciki a Disambar. Rikicin man fetur ya taso, masu haƙar kwal suna takun saƙa da gwamnatin Edward Heath, ana ɗauke wuta, har aka sanar cewa daga farkon Janairu 1974 masana'antu kwana uku kawai za su riƙa samun lantarki a mako, talabijin ma ƙarfe goma da rabi na dare ake rufewa. Iyayen masoyan Slade su ne ainihin waɗanda abin ya shafa, ma'aikatan masana'anta. A cikin wannan ƙuncin faifan waƙar Kirsimetin ya sayar da sama da miliyan ɗaya, ya yi mako biyar a lamba ɗaya. Har yau duk Disamba sai an saka shi a kantunan Ingila har ma'aikata su gaji da ji.

Amma kada in sa ka ɗauka godiya a jarida tana ɗaure masoyi, ba ta yi. A 1975 Slade suka tattara suka koma Amurka don su fasa kasuwar can, suka yi kusan shekara biyu suna fama abin bai karɓu ba, da suka dawo yaran da aka yi wa godiya sun girma, wasu sun yi aure, ƙannensu kuma sun koma wani sabon salo na punk, ƙyalƙyali ya zama abin dariya. Babban faifan da suka fitar a 1977 sunansa ma tambaya ce, wai ina Slade suka shiga, kuma bai shiga jadawali ba. Mutanen da suka jera faifai goma sha bakwai a cikin ashirin na sama, shida a lamba ɗaya, suka koma wasa a ƙananan kulob. A irin wannan lokacin babu mai saya maka shafi guda, kamfani baya godiya a kan asara, kuma wannan shine babban shaidar cewa shafin kayan kasuwa ne. Dave Hill har ya yanke shawarar barin waƙa ya koma ba da hayar motarsa Rolls-Royce ga masu biki.

Sai Agusta 1980, mawaƙi Ozzy Osbourne ya janye daga babban bikin waƙa na garin Reading saura 'yan kwanaki, aka rasa wanda za a sa aka kira Slade, Chandler ya lallashi Hill ya ce ko ba komai ku yi bankwana a gaban jama'a mai yawa. Suka hau gaban dubun dubatar masu son kiɗa mai nauyi waɗanda ba don su suka zo ba, kafin a gama filin gaba ɗaya yana rera waƙar Kirsimeti a watan Agusta. Da yawa daga cikin waɗannan gardawan su ne yaran 1973, sun dai ɓoye ne don kada a yi musu dariya. Jaridun da suka manta da su suka dawo suna yabo, suka sake samun wasu shekaru na kasuwa, a 1983 kuma Quiet Riot na Amurka suka sake rera waccan waƙar ta Fabrairu 1973 ta kai lamba biyar a can, ƙasar da ta ƙi su da kansu. Ko shafin godiya yana da hannu a wannan riƙon amana? Kaɗan ne a ganina, wasan da suke yi a dandamali ne ya yi aikin, shafin dai ya dace da halinsu ne shi ya sa bai yi kama da ƙarya ba. Da wani mai girman kai ne ya buga irinsa da yara sun gane.

Su jaridun kuwa duk sun tafi. Disc ta narke cikin Record Mirror a 1975, Sounds da Record Mirror suka rufe a 1991, Melody Maker aka haɗe ta da NME a ƙarshen 2000, NME ɗin ma ta koma kyauta a 2015 sannan ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018. Yau mawaƙi zai ɗauki waya ya yi bidiyon godiya a Instagram cikin minti ɗaya ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma aikin da yake yi iri ɗaya ne, masoya su ji daɗi, masu shirya wasa su ga yawan mabiya. Bambancin kawai wancan yaro yana yanke shafin ya manna a bangon ɗakinsa da salatif ya shekara yana kallo, wanda shi ma kamfanin ya san za a yi, shi ya sa hoton yake da girma kalmomin suke kaɗan.

In kana son sanin shekarar shafin naka takamaimai, tambarin kamfanin zai taimaka maka. Idan Polydor ne to zamanin ganiyarsu ne, daga farkon shekarun 1970 zuwa 1976, kuma lambobin ƙananan faifansu na lokacin da 2058 suke farawa. Idan ka ga Barn to kamfanin Chandler ne na kansa, shekarun wahala ke nan na ƙarshen 1970, idan RCA ne kuma bayan Reading ne. Kayan jikinsu ma suna faɗa, hular madubi da takalma masu tudu sosai na 1972 zuwa 1974 ne. Idan kuma takardar ce a hannunka ba hoto ba, juya bayanta, yawanci za ka samu jerin wasannin mako ko wani yanki na jadawali da zai ba ka watan. Ana sayar da irin waɗannan shafuka a eBay, wasu har da firam, ba wani kuɗi mai yawa suke yi ba don an buga su da yawa, kuma masu tarawa sun fi son jaridar cikakkiya a kan shafin da aka yanke. Kada dai ka rataye ta inda rana ke bugawa, takardar jarida ce mai arha, cikin 'yan watanni za ta yi ja ta fara karyewa.